Daga Slim Zuwa Emaciated: Yadda Ake Zaɓen Kalmar Rama a Turanci

Mai koyon Turanci yakan riƙe kalma ɗaya, *thin*, ya yi ta aiki da ita ko'ina: amarya *thin*, majinyaci *thin*, akuyar da ta sha rani ita ma *thin*. A nahawu babu laifi, sai dai maganar takan fito lami. Wanda kuma ya buɗe ƙamus ya kwaso kalmomi masu kama da juna yakan faɗa wani ramin daban, ya yabi mace da kalmar da ake faɗa wa mai jinya, ko ya rubuta rahoton asibiti da kalmar zolaya. Turanci na da kalmomi fiye da ashirin na rashin ƙiba, kuma ba jere suke daga ƙaramar rama zuwa babba ba. Kowace tana ɗauke da abu uku a lokaci guda: yawan ramar, abin da ya jawo ta, da abin da mai magana yake ji game da ita. Wanda ya duba na farko kaɗai shi ne yake ɓata wa mutane rai ba da niyya ba.

Fara da tambayar da Hausa ta riga ta koya maka

Siriri ne ko ramamme? Bahaushe ba ya haɗa su. Siriri haka Allah Ya yi shi, ko me ya ci ba ya nunawa a jikinsa. Ramamme kuwa da yana da jiki, wani abu ne ya zabge shi, ciwo ko yunwa ko tunani. *Thin* ta haɗiye su duka biyun, shi ya sa ba ta gaya wa mai sauraro komai sai an ƙara mata bayani. To ka tsayar da wannan tukuna, domin amsar ce za ta raba maka kalmomin gida biyu.

Idan halitta ce kuma yabo kake nufi, *slim* ce mafi aminci, ga namiji da mace, a baki da a rubuce. *Slender* ta fi ta ado, an fi jin ta a rubutun adabi, kuma tana son gaɓoɓi: *slender fingers*, *slender neck*. *Lean* na nufin jiki marar kitse amma mai tsoka, irin na ɗan tsere ko soja. Ita ce dai a *lean meat*, wato tsoka zalla. *Wiry* siriri ne mai jijiya da juriya, irin dattijon makiyayin da zai yini yana tafiya bai zauna ba. *Lanky* dogo ne siriri wanda hannuwa da ƙafafu suka yi masa tsawo, galibi saurayi mai tasowa. Babu ko ɗaya a cikinsu da ke nufin rama mai tsanani. An kawo su ne don ka san inda ba za ka nema ba.

*Skinny* ce a bakin iyaka. Kalmar hira ce, ba ta shiga rubutun ofis ko rahoto. Asalin nufinta shi ne sirantar ta wuce inda take da kyau, kuma da ita yara ke tsokanar juna a makaranta. Amma a Ingila da Amurka, inda harkar ado ta daɗe tana ɗaukaka siranta, akwai 'yan matan da za su ji ta a matsayin yabo, ga kuma *skinny jeans* na wando matsattse da *skinny latte* na kofi da madara marar maiƙo. Tun da ba ka san yadda za ta sauka a kunnen mai sauraro ba, kada ka faɗa wa wanda ba ku saba ba.

*Scrawny* ba ta da wannan ruɗani, raini ce a kullum. Ita ce ta fi kusa da figigi: siranta ba ƙarfi ba kyan gani. Ta fi zama da kaza, mage, wuya da hannuwa, *a scrawny chicken*, *a scrawny neck*. *Bony* na nufin ƙashi ya fito fili, kuma da gaɓa ɗaya aka fi haɗa ta, kamar gwiwa, yatsu ko kafaɗa. *Spindly* kuwa ta ƙafafu ce da suka sirance har kake ganin ba za su ɗauki abin da ke kansu ba, ko na yaro, ko na kujera, ko karan shukar da ba ta samu rana ba.

Inda ramar ta kai ƙarshe

*Emaciated* ita ce babbar kalmar wannan fage, kuma ita aka fi zalunta. Tushenta Latin ne, daga *macies*, wato rama. Ana faɗinta ne idan jiki gaba ɗaya ya ƙanjame saboda yunwa ko doguwar jinya, kitse ya tafi, tsoka ta bi shi, ana ƙirga haƙarƙari daga nesa. Sharuɗɗanta uku ne: ramar ta yi tsanani, akwai musabbabi mai muni, kuma jiki duka abin ya shafa. Idan ɗaya ya faɗi, ba wurinta ba ne. Kalma ce ta labarai, kotu da asibiti, kuma tana aiki ga dabba kamar yadda take yi ga mutum: *emaciated cattle* su ne shanun da fari ya gama da su. Ga Bature mai karatu, hoton da take kawowa shi ne na fursunonin da sojojin Birtaniya suka tarar a sansanin Bergen-Belsen a Afrilun 1945, ko na yunwar Habasha ta 1984. Da wannan nauyin a bayanta, ka ga ɗalibin da ya rubuta cewa abokinsa ya zama *emaciated* saboda karatun jarrabawa na mako biyu ya ɗauko abin da ya fi ƙarfin zancensa. Ga yadda take zama daidai: *The prisoners were emaciated after months without proper food*, wato fursunonin sun ƙanjame bayan watanni ba abincin kirki.

*Gaunt* kalmar fuska ce. Idanu sun zurma, kumatu sun lotsa, ƙashin kunci ya fito. Musabbabinta ya fi na *emaciated* faɗi, domin baƙin ciki, tsufa, zaman kurkuku da damuwa duk suna kawo ta, ba sai yunwa ba. Ga hanya mai sauƙi ta raba su. Ka ɗauka mutumin yana cikin babbar riga, fuskarsa kaɗai kake gani. Abin da za ka iya shaida a kai shi ne *gaunt*. Sai ya tuɓe ka ga ƙirji da damtse da cinya kafin ka sami hujjar cewa *emaciated*. Shi ya sa ɗan jaridan da ya ga wanda aka sako daga hannun masu garkuwa yana magana a gaban kyamara zai rubuta *looking gaunt*, likitan da ya duba shi kuma ya rubuta ɗayar. *Gaunt* tana da ɗan mutunci a cikinta, ba ta ƙasƙantar da wanda aka siffanta, don haka marubuta ke son ta. Har gini da bishiya ana ce musu *gaunt* idan sun tsaya tsirara ba ado ba ganye.

Ana yawan jefa *haggard* cikin wannan rukuni, alhali ba kalmar rama ba ce, ta gajiya ce. Mai tumbi ma zai iya zama *haggard* idan ya kwana uku a gaban gadon majinyaci bai runtsa ba. Haka *drawn* da *pinched*, duk fuska suke nufi: ta farko ta gajiya ko ciwo, ta biyu ta sanyi ko yunwa. Suna tafiya tare da *gaunt* a jimla ɗaya, amma ba sa maye gurbinta.

*Skeletal* ta fito daga *skeleton*, ƙwarangwal, kuma aikinta ta sa mai karatu ya ga ƙasusuwan da idonsa. Ta fi *emaciated* girgiza zuciya, ta kuma fi ta rashin tausayi, saboda haka a yi hattara da ita kan mutumin da aka ambaci sunansa. Tana da wasu ma'anoni da ba ruwansu da rama: *skeletal muscle* sunan nau'in tsoka ne a ilimin jiki, *skeletal remains* kuma ƙasusuwan gawa ne da aka tono. Mai fassarar da bai lura ba zai mai da gawa ramamme. Af, abin da ake ce wa *skeletal services* a Najeriya idan ana yajin aiki, a Turancin Ingila *skeleton service* ne ko *skeleton staff*. *Cadaverous* kuwa, daga *cadaver*, gawa, ta ƙagaggun labarai ce: dogo, ramamme, ɗasasshe, kamar an tono shi. Ba a faɗinta a gaban mai ita.

Sai *wasted*, wadda ta fi kowace tarko. Idan ta zo gaban sunan gaɓa, *wasted legs*, *wasted muscles*, tana nufin tsokar ta shanye saboda ciwo ko daɗewa a kwance. *Waste away* kuma aikatau ne mai kyau ƙwarai na ramar da ke ci sannu a hankali: *she wasted away*, ta yi ta ƙarewa a tsaye. Amma ka ce *he was wasted* haka kawai, Ba'amurke da Ba'ingile za su fahimci ya yi tatil da giya ne. A wajen asibiti, kada ka bar ta ita kaɗai bayan *was*.

Idan rahoton lafiya kake rubutawa

A nan ba ido ke hukunci ba, ma'auni ne. Ga babban mutum, Hukumar Lafiya ta Duniya na amfani da BMI: ka raba nauyinsa na kilo da tsawonsa na mita da aka ninka da kansa. Ƙasa da 18.5 shi ne *underweight*. A cikin wannan akwai mataki uku: daga 17 zuwa ƙasa da 18.5 *mild thinness*, daga 16 zuwa ƙasa da 17 *moderate thinness*, ƙasa da 16 kuma *severe thinness*. Ɗauki mutum mai tsawon mita 1.70. Ninka 1.70 da 1.70, ka sami 2.89. Idan kilo 55 gare shi, BMI ɗinsa ya ɗan haura 19, nauyinsa daidai yake ko da mutanen gida na cewa ya rame. Idan kilo 52 ne, yana wajen 18, ya shiga *underweight* mataki na farko. Idan ya sauko kilo 45, lissafin ya ba da kusan 15.6, wato *severe thinness*. Kuskuren da ake yawan yi shi ne saka tsawo da santimita a madadin mita, ko mantawa da ninka shi, sai lambar ta fito ba kan gado.

Ga yara 'yan ƙasa da shekara 5 kalmomi uku ne, kuma musanya su na lalata rahoto baki ɗaya. *Wasting* ita ce nauyin yaro ya gaza abin da ya dace da tsawonsa, alamar yunwa ko ciwo na kwanan nan. *Stunting* ita ce tsawonsa ya gaza na shekarunsa, wato tsumburewa, alamar rashin da ya daɗe. Tsumburarren yaro ba lallai ya zama ramamme ba. *Underweight* a wurin yara kuma nauyi ne aka gwada da shekaru. A nan *wasted* kalma ce ta ƙa'ida, *the child is severely wasted*, ba wanda zai kawo zancen giya. Ma'aikatan da ke yaƙi da tamowa sun san tef ɗin auna damtse na MUAC, na yara daga wata 6 zuwa 59: ƙasa da milimita 115 ja ne, *severe acute malnutrition*, daga 115 zuwa ƙasa da 125 ruwan ɗorawa, *moderate*, daga 125 zuwa sama kore.

*Malnourished* ba daidai take da ramamme ba. A ma'anar Hukumar Lafiya ta Duniya, *malnutrition* ta haɗa da ƙarancin abinci, ƙarancin sinadarai, har da ƙiba mai yawa. In ƙarancin ci kake nufi takamaimai, *undernourished* ce. Haka nan yaro mai *kwashiorkor* yakan kumbura, ƙafafu da fuska su cika da ruwa, sai ya zama ba ya kama da ramamme alhali yana cikin haɗari. Kalmar daga harshen Ga na Ghana take, kuma likita Cicely Williams ce ta shigar da ita rubutun likitanci a 1935. Wanda ya bushe ƙayau, fuska kamar ta tsoho, shi ne mai *marasmus*.

*Cachexia*, sifarta *cachectic*, ramar da babbar cuta ke jawowa ce, kamar ciwon daji, tarin fuka, ciwon zuciya ko na ƙoda da ya yi nisa. Abin da ya raba ta da yunwa shi ne cutar ce ke cin tsoka daga ciki, ƙarin abinci kaɗai ba ya mayar da jikin. Kalmar takardar likita ce, ba a kai ta hira.

*Anorexic* na bukatar dogon numfashi. A bakin likita, *anorexia* ita kaɗai rashin sha'awar abinci ce, ko daga zazzaɓi ko daga magani. Cutar da mutum ke hana kansa ci don tsoron ƙiba cikakken sunanta *anorexia nervosa*, sunan da likitan Ingila William Gull ya raɗa mata a 1873, kuma cuta ce ta ƙwaƙwalwa da ke iya kisa. Mutanen gari sun gajarta sunan, har wasu na jifan duk siririyar mace da *anorexic*. Kada ka bi su. Ba a gane cutar da kallo, kuma faɗin kalmar ga wanda likita bai tabbatar masa ba cin fuska ne gare shi da masu fama da ita.

Ko *slim* mai daɗin ji ta taɓa ɗaukar mummunan nauyi. A Yuganda, cikin shekarun 1980, *slim disease* ake kiran cutar da ke karya garkuwar jiki, saboda yadda take zabge mutum. Hanyar da Hausa ta bi ke nan ta samo ƙanjamau daga ƙanjamewa. Wanda ya ci karo da *slim* a tsofaffin rahotannin gabashin Afirka ya san ba ado ake nufi ba.

Kurakuran da suka zama jiki a Turancinmu

*You have leaned.* Ana jin wannan kullum a Najeriya da nufin ka rame. A Turancin Ingila da Amurka, aikatau *lean* jingina ne ko karkata, don haka Bature zai tsaya jiran ka faɗi abin da ya jingina da shi. Haka *she is looking lean*: a wurinmu jaje ne, a wurinsu yabo, wai motsa jiki ya karɓe ta. Abin da ake cewa shi ne *you have lost weight* ko *you have got thinner*.

*He is emaciating.* Aikatau *emaciate* na cikin ƙamus, amma kusan ba mai amfani da shi haka. Sifar ce ke aiki: *he has become emaciated*, ko *he is wasting away* idan ramar na ci gaba. *You have reduced* ma haka, *reduce* na neman abin da aka rage. Ba a barin ta tsirara kan mutum. *He is dry* kuwa fassarar ya bushe ce kai tsaye, kuma Bature zai ɗauka ko dai ba a jiƙe yake ba, ko barkwancinsa na murtuke fuska ne.

A rubuce, *loose weight* ta fi kowane kuskure yawa. *Lose* mai *o* ɗaya ita ce rasawa. *Loose* mai biyu sako-sako ce, kamar rigar da ta yi wa ramamme yawa. Wajen kwatanci, *thin* da *slim* na ninka baƙin ƙarshe, *thinner*, *thinnest*, *slimmer*, *slimmest*. Masu ƙarewa da *y* kuma na mai da ita *i*, *skinnier*, *bonier*, *scrawnier*. *Bony* da *n* ɗaya take. *Bonny* mai biyu kyakkyawa ce a Turancin Sikotilan.

Sai kalmomin ƙarfafawa. *Emaciated* da *skeletal* sun riga sun kai maƙura, don haka *a bit emaciated* ko *slightly skeletal* magana ce mai cin karo da kanta, *very* ma ba ta cika zama da su ba. Abokan tafiyar da kunnen Bature ya saba da su su ne *severely emaciated*, *almost skeletal*, *painfully thin*, *dangerously underweight*, *severely malnourished*. A cikinsu *painfully thin* ta cancanci a riƙe ta da kyau: tana nuna ramar ta kai a ji tausayi, ba ta yanke hukunci kan dalili, ba ta kuma zagi. Duk lokacin da ka ga rama mai tsanani amma ba ka san musabbabinta ba, ita ce mafita.

Karin magana

*Skin and bone*, ko *skin and bones*, ita ce daidai da daga ƙashi sai fata, kuma da tausayi ake faɗinta, irin ta kaka ga jikan da ya dawo daga makarantar kwana: *you're all skin and bone*. *A bag of bones* ta fi ta kaushi, ta fi dacewa da tsohon doki ko kare. Ba'ingile na cewa *as thin as a rake*, yana kwatanta mutum da manjagara, kwatancen da ake samu a rubuce tun ƙarni na 14. Ba'amurke ya fi cewa *as thin as a rail*. Duka biyun na iya zama halitta, ba lallai ciwo ba. *Stick-thin* ta jaridun gulma ce, kan masu tallan kaya. *Beanpole* zolaya ce ga dogo siriri. *A shadow of his former self* ta wuce jiki, ta haɗa da ƙarfi da kwarjinin da suka tafi. Kada ka juya kazar mayu zuwa Turanci kalma da kalma, ba wanda zai gane. *Skin and bone* ta isar. Kuma idan Bature ya ce *I'm starving* da ƙarfe ɗaya na rana, yunwar abincin rana yake ji, ba agaji yake nema ba.

Faɗa wa mutum a gabansa

A nan ne al'adu biyu suka juya wa juna baya. Bahaushe ya ce maka ka rame, kulawa ce, tambaya ce a fakaice: lafiya dai? Ya ce kin yi ƙiba, kin murje, yabo ne, alamar hutu da kwanciyar hankali. A Ingila da Amurka abin a juye yake. *You've lost weight* galibi yabo ne, amsarsa *thank you*; *you've got fat* kuwa zagi ne da zai iya raba zumunci. Saboda haka mai son yin jaje da *you've lost weight* zai ga an yi masa godiya da fara'a, saƙonsa bai isa ba. Idan damuwa kake son nunawa, ka bar zancen jiki, ka tambayi lafiya: *Are you keeping well?* ko *Is everything all right?* Ga wanda kuka shaƙu sosai kana iya cewa *You've lost a lot of weight, have you been ill?* Kalmar *a lot* da tambayar da ta biyo baya su ne ke mai da maganar jaje.

A wurin aiki kuwa, musamman ga ma'aikatan jinya da ɗalibai da ke zuwa can, shiru ya fi. Batun siranta ya zama mai zafi a ƙasashen Turai har hukuma ta shiga ciki: a 2006 masu shirya makon nuna tufafi na Madrid sun hana masu tallan da BMI ɗinsu bai kai 18 ba hawa dandali, Faransa kuma ta yi doka a 2015 da ta wajabta musu takardar likita kafin aiki. A irin wannan yanayi, ko yabon siranta ana iya ɗaukarsa katsalandan.

Furuci

Sautin *th* na *thin* babu shi a Hausa, shi ya sa yake fita *sin*, zunubi, ko *tin*, gwangwani. Sa kan harshe tsakanin haƙoran gaba, ka hura iska ba tare da murya ba. *Emaciated* gaɓa biyar ce, nauyin na kan ta biyu: i-MEI-shi-ei-tid, wasu kuma su ce i-MEI-si-ei-tid, duka daidai ne, babu sautin *k* a ciki. *Gaunt* da *scrawny* na da dogon *o*, goont, skrooni, ba *au* irin ta Hausa ba. *Cachexia* kuwa ka-KEK-siya ce, *ch* ɗinta *k* ce. *Waste* da *waist*, ƙugu, furucinsu ɗaya, a rubutu kaɗai suke rabuwa.

Gwaji da jimla ɗaya

Ɗauki ya rame, ka juya ta a wurare daban-daban. Ɗan'uwanka ne bayan azumi, ya ɗan faɗa: *he has lost some weight*. Magidanci ne da aka yi wa rasuwa, wata uku ba ya ci ba ya barci, fuskar ta zurma: *he looks gaunt*. Maƙwabci ne da ka gani a hanya, ramar ta ba ka tsoro amma ba ka san dalili ba: *he is painfully thin*. Wanda aka ceto ne daga daji bayan watanni, an kwantar da shi, an ga jikinsa: *he was emaciated*. Yaro ne ɗan wata 18 da tef ya nuna milimita 110 a damtsensa: ba ɗaya daga cikin waɗannan, sai ka rubuta *severe acute malnutrition*, ka sa lambar da ranar da aka auna a gefe.